Ranar da Kulu Ta Yi wa Kifi Magani

Kulu mai magani ce, amma ba irin masu yawo da lasifika a kan mota ba. Rumfarta tana can ƙurya a kasuwar Tarauni, bayan masu kayan miya, kuma abin da aka fi saninta da shi shi ne ruwan wanke gyambo. A wurin kakarta ta gaje shi, a wani ƙauye kusa da Rano. Sassaƙen aduwa ne da bagaruwa da ganyen darbejiya, a daka su tare, a jiƙa su kwana, a tafasa, a tace. Ruwan yakan fito ja-ja, da kumfa a samansa kamar an kaɗa sabulu. Shekara talatin da biyu tana wannan sana'a. Ta wanke ƙafar lebura da ƙusa ta soke, ta wanke kan yaro da ƙuraje suka cinye, kuma ba a taɓa zuwa rumfarta da ƙorafi ba. Idan ana yabonta takan ce daga Allah ne, amma a ranta ta yarda da hannunta ƙwarai.

A Gyadi-Gyadi take zaune, katanga ɗaya da Malama Saratu. Ita Malama Saratu mutuniyar Kagoro ce, ta ƙare aikinta na koyarwa a firamare, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse garuruwa. Da ta yi ritaya sai ta sa aka gina mata tankunan siminti uku a bayan gida, inda marigayin yake ajiye motarsa a da, ta zuba 'ya'yan tarwaɗa ta shiga kiwo. Shekara goma sha tara suna maƙwabtaka da Kulu. Duk ranar Lahadi, in Malama za ta tafi coci, takan miƙo mabuɗin gidanta ta kan katanga, don in an kawo wuta Kulu ta shiga ta kunna famfon burtsatse.

Mutum ɗaya ne a layin bai ƙaunar kifin nan, shi ne Ƙasimu mai adaidaita sahu. Daga Wudil ya zo shekara huɗu da suka wuce, yana haya a ɗaki ɗaya a ƙasan layi, kuma duk ruwan da Malama ta saki daga tanki ta ƙofar ɗakinsa yake bi. Matarsa tana da ƙaramin ciki, ƙarnin ruwan yana tayar mata da zuciya. Sau biyu yana zuwa ya yi magana cikin ladabi. A na uku ransa ya ɓaci, ya tsaya a tsakiyar layi ya ce, wallahi wata rana sai an kawo ƙarshen kifin nan. Mutane da dama sun ji shi.

A bazarar bana ciwo ya shiga tankunan. Zafi ya tsananta, wuta sai ta kwana biyu ba a gan ta ba, ruwa ya daɗe ba a canja shi ba har ya koma kore. Kifin sun kai wata biyar, saura mako uku a fara sayarwa, sai ga jan gyambo yana fitowa a gefen cikinsu, gashin bakinsu yana yin fari yana guntulewa. Kowace safiya Malama takan tsamo biyar ko shida da suka mutu. Ta je kemis ta sayo kafso irin na mutane, tana fasawa tana barbaɗawa a abincinsu kamar yadda wasu masu kiwo suka gaya mata. Mako biyu tana yi, ba ta ga sauƙi ba.

Ranar Juma'a da la'asar Dakta Fiddausi ta zo. Tsohuwar ɗalibar Malama ce, yanzu tana bincike kan cututtukan kifi a wata jami'a. Kulu tana gidan a lokacin, tana zaune a kan tabarma tana taya Malama tsinke zogale. Fiddausi ta sa safar hannu, ta kama kifi ɗaya ta juya shi ta duba.

"Malama, ki daina ba su kafson nan," in ji ta. "Ƙwayoyin cutar sun saba da shi, ba ya yi musu komai. Kuma ragowarsa a naman kifin yake zama, gobe mutum ya ci, in ya kamu da ciwo maganin ya ƙi yi masa aiki."

"To ya zan yi, Fiddausi? In zuba ido su ƙare?"

"A'a. Mu yanzu tsirrai muke gwadawa. Tafarnuwa, shuwaka, ganyen gwaba. Ana tatso ruwansu a gauraya da abincin kifi, kuma muna ganin alamun nasara. Bari in tafi da biyu in duba irin cutar, ranar Litinin zan dawo miki da ma'auni. Kafin nan ki rage musu abinci, kada ki zuba komai a ruwan."

Kulu ta ji wani daɗi ya ratsa ta. Ashe masu boko sun zagayo sun dawo inda kakarta ta tsaya. Ta ajiye zogalen ta ce, "Yarinya, ai in gyambo ne ina da maganinsa. Shekara talatin da biyu ina yinsa."

Fiddausi ta yi murmushi ta ce, "Allah sarki, Inna. Wata rana zan zo ki nuna mini." Wayarta ta yi ƙara, ta juya ta amsa, maganar ta wuce a nan.

Abin ya ɗan sosa wa Kulu rai. Ta ji lokacin da aka ce kada a zuba komai, sai dai ta ɗauka da kafso ake. A ganinta gyambo gyambo ne, ko a ƙafar mutum ko a cikin kifi. Kuma daga Juma'a zuwa Litinin kifi nawa ne za su mutu? Ta ga yadda Malama ta rame a makonnin nan. Sai ta ƙudura cewa za ta yi abin a ɓoye, in maƙwabciyarta ta ga kifinta sun warke sannan ta faɗa mata, su yi dariya.

Ranar Asabar ba ta je kasuwa ba. Ta fito da kusan duk sassaƙen aduwar da take da shi, buhu guda cur, domin ta lissafa cewa ruwan tanki yana da yawa, dole maganin ya yi ƙarfi. Ta wuni tana daka. Ta jiƙa a babbar tukunyar da ake dafa abincin biki, ta tafasa da sassafen Lahadi, ta tace, ya cika bokiti shida.

Ƙarfe takwas Malama ta miƙo mabuɗi ta tafi coci. Kulu ta jira layi ya yi shiru, ta riƙa ɗaukar bokitin biyu-biyu tana shiga da su. Ruwan tankunan ya ja baya sosai saboda rashin wuta, bai kai rabi ba. Ta yi bisimilla ta zuba bokiti biyu a kowane tanki. Nan da nan kifin suka hargitse, suna tsalle, suna dukan bango da jela, suna sako baki sama. Ba ta damu ba. Haka yara suke yi in ta ɗora musu ruwan a kan ciwo, sai an riƙe su. Ta ce da kifin, "Ku yi haƙuri, zafin na ɗan lokaci ne." Ta kwashe bokitanta, ta kulle gidan, ta koma ta ɗora girki.

Wajen ƙarfe goma da rabi aka kawo wuta. Ta ɗauki mabuɗi ta nufi gidan Malama don ta kunna famfo. Tun daga soro ta ji wani abu ya canja, ba ta gane ko mene ne ba sai da ta kai tsakar gida. Shiru ne. Gidan nan kullum da ƙarar fantsamar ruwa, yau babu.

Ta leƙa tanki na farko. Ba ta ga ruwa ba. Fararen cikkuna ta gani, jere, sun rufe saman tankin daga bango zuwa bango, kumfa ja-ja tana kwance a tsakaninsu. Ta tsaya tana kallo kamar an nuna mata rubutun da ba ta iya karantawa ba. Ta matsa na biyu, haka. Na uku, haka. A wata kusurwa wani babba yana buɗe baki yana rufewa a hankali, tana kallonsa har ya daina.

Ta dafa bangon tankin. Ta sa hannu ta taɓa ɗaya, ta girgiza shi kamar mai tayar da yaro daga barci. Sai hankalinta ya dawo, ta ruga ta kunna famfo, ta zare matoshin tankunan duka uku. Ruwa ya ɓalle ya bi kwata ya fita layi da kumfarsa. Ta riƙa ɗibar sabon ruwa da kwano tana watsa wa kifin, zaninta ya jiƙe sharkaf, tana salati ba ta ma san tana yi ba. Ko ɗaya bai motsa ba.

A haka Malama Saratu ta same ta. Tana sanye da atamfar zumuntar matan coci, jakarta a hammata. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta bi tankunan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta cire takalmanta ta ajiye a gefe, kamar wadda za ta shiga ɗaki, ta zauna a ƙasa a cikin ruwan da ya malale.

"Kulu," ta ce a hankali, "me ya faru?"

Kulu ta buɗe baki. Gaskiyar tana nan a kan harshenta, amma abin da ya fito daban.

"Na zo kunna famfo, na tarar da su haka."

Ruwan da ya cika layi ya jawo mutane. Mata suka shigo da mayafai a hannu, maza suka tsaya a bakin tankuna suna jinjina kai. Cikinsu har da Haruna mai banda, wanda ya saba sayen kifin Malama yana gasawa yana kai wa Unguwa Uku, kuma ya riga ya yi wa masu sayensa alkawarin wannan zubin. Kowa da abin da yake faɗa. Wani ya ce cutar ce ta gama da su, wata ta ce ruwan burtsatse ne ya lalace, wani ya ce baki ne.

Can sai ga Ƙasimu ya shigo, wandonsa a naɗe, fuskarsa a ɗaure, da niyyar yin faɗa kan ruwan da ya shiga har ƙofar ɗakinsa. Da ya ga tankunan sai ya fasa faɗan. Ya sunkuya ya lakato kumfar da yatsa, ya murza, ya sansana.

"Mama, wannan ba cuta ba ce," ya ce da Malama. "Cuta ba ta kashe kifi dubu a awa ɗaya. Aduwa aka zuba musu."

"Aduwa kamar yaya?" in ji Malama.

"Sassaƙenta. Mahaifina masunci ne, a bakin kogi na tashi. Da rani in ruwa ya yanke ya bar gurbi, akan daka ɓawon aduwa a zuba a ciki, kafin a jima duk kifin da ke wurin ya taso. Tun ina yaro aka hana, saboda ba ya barin ko 'ya'yan kifi. Wannan kumfar ko a mafarki na gan ta na san ta."

Kulu ta ji kamar an ɗauke ƙasar da take tsaye a kai. Aduwa. Itacen da ta fi yarda da shi a duk kayan rumfarta, wanda take wanke kan jarirai da shi. Shekara talatin da biyu tana riƙe da gubar kifi a hannunta, kuma a ce duk ɗan masunci ya san haka, ita ce ba ta sani ba.

Haruna ne ya fara juyowa. Ya dubi Ƙasimu daga sama har ƙasa.

"Kai ka san kumfar, ka san itacen, ka san yadda ake dakawa," ya ce. "To duk layin nan wa ya san wannan in ba kai ba?"

"Me kake nufi, Malam Haruna?"

"Ba kai ne ka tsaya a nan ka rantse sai ka ga bayan kifin nan ba? Ko ƙarya na yi, jama'a?"

Aka amsa masa daga ko'ina cewa an ji. Wata ta ce ta ga babur ɗinsa na adaidaita a ƙofar gida da safe, bai fita aiki ba. Wani ya ce katangar baya gajeriya ce, mai tsawo irinsa ba sai ya nemi tsani ba. Ƙasimu ya riƙa duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, mutanen da yake kai wa 'ya'ya makaranta, waɗanda suke sahu ɗaya a masallaci.

"Matata ce ba ta da lafiya, shi ya sa ban fita ba," ya ce. "In ni na zuba, zan zo in faɗa muku sunan abin da na zuba?"

Ba wanda ya saurare shi. Wasu samari biyu suka tsaya a bakin soro don kada ya fita. Wani daga cikin waɗanda suka dawo coci tare da Malama ya ce a kira 'yan sanda, kuma ya ƙara da wata magana kan yadda ake yi wa baƙi a garin nan. Wani daga can baya ya mayar masa da martani. Kulu ta ji zancen yana barin kifi yana nufar wani wuri da ta san in ya kai ba a dawo da shi da sauƙi. Duk da haka tana tsaye, jiƙaƙƙen zaninta yana ɗiga, tana ce wa kanta yanzu zan faɗa, bari wannan ya gama magana.

Haruna ya ci kwalar Ƙasimu. Ƙasimu ya yi ƙoƙarin ture hannunsa. Sai ƙarar mari ta tashi, hular Ƙasimu ta faɗa cikin tanki a kan matattun kifin.

"Ku sake shi."

Muryar Kulu ba ta fita sosai ba, sai da ta maimaita.

"Ku sake shi, ni ce. Ni na zuba."

Famfon da ba wanda ya tuna ya kashe yana ta ƙara. Kulu ta faɗi komai, tun daga maganar Dakta Fiddausi har zuwa bokiti shida. Ta ce tukunyar tana nan a gidanta ba a ma wanke ba, duk mai so ya je ya gani. Tana magana tana kallon ƙasa. Da ta ɗago, idon Malama Saratu ta fara gani, kuma ba fushi ta gani a cikinsa ba. Kallo ne irin na wanda ya buɗe ƙofar ɗakinsa ya tarar da wani ɗaki daban.

Haruna ya saki rigar Ƙasimu, ya tsaya yana duban tafin hannunsa. Ƙasimu ya sunkuya ya tsamo hularsa, ya matse ta, ya bi ta tsakiyar mutane ya fita. Samarin da ke bakin soro suka matsa masa.

Mutane suka zare jiki ɗaya-ɗaya. Haruna, don ya sami abin faɗa, ya ce ai kifin da aduwa ta kashe ana ci, in Malama ta yarda ya kwashe ya yi bandarsu yau-yau a rage asara. Malama ta girgiza kai. Ta ce kifin da ke da gyambo, cikinsa cike da kafso, ba za ta bari ya shiga tukunyar kowa ba. Da yamma aka samo masu tura kura suka kwashe su a buhuna, aka kai bayan gari aka binne. Kafin Kulu ta fita, Malama ta miƙo hannu ba tare da ta dube ta ba. Kulu ta ɗora mata mabuɗin.

Ranar Litinin Dakta Fiddausi ta zo da robar ruwan tafarnuwa da takardar ma'auni, ta tarar da tankuna a bushe. Bayan ta ji labari sai ta shiga gidan Kulu. Ta same ta zaune a ƙofar ɗaki, ba ta je kasuwa ba, tukunyar bikin tana nan inda take.

"Inna, sannu."

"Yarinya, ashe guba nake sayarwa?"

"Ba guba kike sayarwa ba. Abin da yake sa aduwa kumfa, a fatar mutum wanki yake yi. Shi kifi ta cikin ruwa yake numfashi, sai kumfar ta ƙone masa wurin numfashin. Ko darbejiyar ma in ta yi yawa tana kashe su. Mu kanmu kafin mu ba kifi wani ganye, sai mun gwada a kan guda biyar a bokiti, mu jira kwana huɗu." Sai ta ƙara da cewa, "Ni ma da laifina. Kin ce kina da magani, da na tsaya na tambaye ki me da me ke ciki, da na gaya miki tun ranar."

Kulu ba ta karɓi wannan sassaucin ba. Ta ce, "Ke kin ce kada a zuba komai. Na ji ki da kunnena."

Kafin ta tafi, Fiddausi ta roƙi kayan haɗin, kowanne daban. Kulu ta ƙulla mata bagaruwa da darbejiya da ɗan guntun aduwar da ya rage, ta miƙa mata kamar mai miƙa abin da ta tsinta ba nata ba.

Kwana tara Kulu ba ta buɗe rumfa ba. Kullum da safe takan je ƙofar Malama ta yi sallama, a amsa daga ciki, ba a ce ta shigo ba. A rana ta goma aka ce ta shigo. Malama tana zaune a bakin tankin da babu komai, ta nuna mata kujera.

"Kulu, na yi ta tunani," ta ce. "Zubawar da kika yi, na san don ni kika yi. Wauta ce, amma ta ƙauna ce, kuma da kifin sun warke da yanzu ina gode miki. Wannan na yafe. Abin da ya tsaya mini shi ne na tambaye ki, kika dubi idona kika ce kin tarar da su haka. Sannan kika tsaya ana ja wa yaron nan riga."

"Haka ne, Malama."

"Ni ma na zauna ina ji ana ƙulla masa, ban ce a tsaya ba. A raina na riga na yarda shi ne. Shekara talatin da biyar ina raba faɗan yara a aji, ban taɓa hukunta yaro ban ji ta bakinsa ba." Ta share fuska da gefen zani. "Jiya na je na ba shi haƙuri. Ya karɓe ni da mutunci. Amma tashi zai yi."

Ƙarshen wata kuwa Ƙasimu ya sami ɗaki a Daurawa. Da hantsi Kulu ta ga yana ɗaure katifa a saman babur ɗinsa, matarsa tana zaune a ciki da kwanuka a cinya. Ta riga ta je wurinsa sau biyu, amma ta sake ƙarasawa.

"Ƙasimu, don Allah in saboda ni ne, ka zauna. Malama ta ce za ta sa bututu, ruwan ba zai ƙara bi ta ƙofarka ba."

Ya ja igiya ya ƙulle, sannan ya juyo.

"Inna, ke ai kin fito kin faɗa, ko da kin makara. Na yafe miki duniya da lahira. Malam Haruna ma ya zo har da dattawa, na ce ya wuce. Amma shekara huɗu ina layin nan, ba wanda na taɓa ɗaukar wa ko tsinke. Rana ɗaya aka nuna ni da yatsa, ba a sami mutum ɗaya da ya ce a dakata a bincika ba. In na zauna, kullum na fito zan riƙa tuna wa ya ce me. Gara in je inda ba a san ni ba."

Matarsa ta ce, "Sai wata rana, Inna." Ya tayar da babur suka tafi, Kulu tana tsaye har suka sha kwana.

Bayan mako shida Fiddausi ta dawo da hoto a wayarta. Wani ɗan faranti ne na gilashi da aka shuka ƙwayoyin cutar kifin Malama a kai, sun yaɗu sun rufe shi kamar hunhuna. A wuri ɗaya, inda aka ɗiga ruwan bagaruwa, an sami fili mai tsabta kewaye da ɗigon, cutar ba ta iya matsowa ba. Inda aka sa kafson kemis kuwa, ta haye kansa. Fiddausi tana murna, ta ce wannan a faranti ne kawai, sai an gwada a jikin kifi a ga iyakar abin da za su iya ɗauka, amma alama ce mai kyau. Kulu ta daɗe tana kallon hoton.

"Wato da bagaruwar kaɗai na zuba musu," ta ce, ba ta ƙarasa ba.

Da damina ta sauka Malama ta zuba 'ya'yan kifi a tanki ɗaya, sauran biyun ta bar su. Ta sa bututun da ta yi alkawari, ko da yake wani tela ne yanzu a ɗakin da Ƙasimu ya bari. Da suka kai wata uku gyambon ya sake leƙowa a jikin kaɗan daga ciki. Wannan karon Fiddausi ta ware biyar a bokiti, ta ba su abincin da aka gauraya da ruwan tafarnuwa da ɗan na bagaruwa, a ma'aunin cokali, aka jira kwana huɗu kafin a ba sauran. Goma sha ɗaya sun mutu, ragowar suka warke, tabon ya rufe.

Kulu ce take daka bagaruwar a gidanta, ta tace, ta kai har ƙofa. Malama ta sha ce mata ta shigo ta ga yadda suke cin abinci. Takan shiga, su zauna a tsakar gida su yi hira kamar da, ko kusa da haka. Amma in lokacin ba kifi magani ya yi, sai ta miƙe ta ce ta bar tukunya a wuta.